Kwanakin Kyalla a Kankara

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Kai mai leƙen littafin tsofaffi, tunda ka buɗe ba a ce ka buɗe ba, zauna ka biya ni da amsa. Ya shigo da sallama, rana tsaka. An shimfiɗa masa tabarma, an ba shi ruwa ya sha. Ya tashi ya fita da abin da ba nasa ba, maƙwabta na tsaye na kallo, ba wanda ya yi kuwwa, har matar gidan ta bi shi da a gaida gida. Mene ne wannan? Kada ka ce sata, ɓarawo ba ya sallama. Ni ma da na ƙulla abin ban gama kwance shi ba, sai ka jira.

Ga yadda aka yi. Wajen azahar wata a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidanmu nan Mairuwa, mutum uku suka sauko. Daga kamfanin nan na Kankara mai ba da taki bashi. Baban Sumayya, ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa balle alƙalamina, ya karɓi buhu shida da damina a kan zai biya da kaka. Kaka ta zo, masara ta yi kyau har tana ba mutum sha'awa, kasuwa kuma ta ƙi. Ya biya rabi, rabi ya gagara. Yau yana gona wajen roron wake, sai ni suka tarar.

Babbansu Kamilu ake ce masa, dogo, da jar hula da littafi a hammata. Ya ce mini Hajiya. Ni da ko Katsina sau biyu na taɓa takawa. Na ji daɗi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba, shi ya sa na ɗebo musu ruwan randa mai sanyi ba na jarka ba.

Na ce ga masara a rumbu, su auni tasu. Ya ce kamfani ba ya son masara bana. Sai idonsa ya faɗa kan Kyalla, tana ɗaure a turkenta bayan zaure tana tuƙa. Na ce yaro, wannan ba tamu ba ce, kiwo aka ba ni. Ya ce, "Hajiya, duk gidan da muka shiga haka ake ce mana. Abin da ke cikin gida na gida ne." Ya yago takarda ya rubuta ya miƙo mini. Mako biyu. In ba a biya ba zuwa sha bakwai ga wata, kasuwa za ta ci ta.

Da suka tada mota na ji bakina na cewa a gaida gida. Ni Talatu, ni Talatu.

Kyalla akuyar Rifkatu ce, ƙawata ta Damari. Shekarar da ake kore dabbobi a wajensu ta ɗauro ta a babur tana 'yar buduruwa ta kawo mini, ita kaɗai ta rage mata cikin garken marigayi mijinta. Muka yi magana gaban mai unguwa: haihuwa biyu nata, ta uku tawa. Yanzu cikin na ukun ne, ya yi nauyi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na jiƙa dusa da safe na kai har turke kafin na tuna. Kaji suka ci, suna ta kallona kamar na yi musu biki.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Baban Sumayya ya rame cikin kwana biyu. Ashe ba akuya kaɗai ba ce. Mutanen kamfani sun kira surukinsa a Faskari sun ce ɗiyarsa na auren macuci. Sun kira limaminmu. Shi kuma waya ba ta hutawa, sau goma a yini, wai in ya yi wasa 'yan sanda za su zo su ɗauke shi gaban iyalinsa. Ya zauna bakin ɗakina yana murza hula.

Na ce masa ya yi haƙuri ya sunkuyar da kai, wanda ake bi ba ya ɗaga murya. Haka na taso na gani. Babana ma an taɓa cire masa ƙyauren ɗaki kan kuɗin gishiri, muka kwana bakwai da asabari, bai ce uffan ba.

Ya ce, "Inna, a gaya wa Mama Rifkatu." Na ce in ya gaya mata sai na kira sunansa a tsakiyar kasuwa, da ƙarfi, sau uku. Ya yi dariya, ta farko tun Litinin.

Ina zan sa fuskata? Matar nan ta tsere da akuyarta daga masu bindiga, ta kawo ta inda take ganin ya fi ko'ina aminci, sai a kwance ta a hannuna ina ba da ruwa. Tun muna talla a Damari muke tare, ita da gyaɗa ni da daddawa. Ban taɓa ɓatar mata da ko allura ba. To, allura ɗaya. Ta daɗe.

Zan dawo da ita kafin ta ji. Yadda zan yi ne ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Rifkatu ta kira. "Ƙawa, ya Kyalla?" Na ce lafiya lau, tana ci kamar mai ita. Ta ce in gaida ta. Na ce za ta ji.

Furar sabon gero ta yi daɗi yau, na sha ludayi ya fi goma duk da haka. Mutum na cikin damuwa ciki bai san ana yi ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kamilu ya dawo shi kaɗai a babur, wai tuni ya kawo. Na yi masa tayin musaya: zakaruna biyu, da agwagwa, da tasar tagulla ta aurena, ya ba ni akuya. Ya ce, "Hajiya, kamfani ba ya cin agwagwa."

Sai shaiɗanin tatsuniya ya zauna mini a harshe. Na rage murya na ce, yaro, ni tausayinka nake ji. Ka san daga wane gida akuyar nan ta fito? Gidan Maguzawan Damari. Tun kakannin kakanni akwai alkawari a kan jinin akuyar nan, ba a sayar da ita, ba a riƙe igiyarta a kai kasuwa. Wani mahauci a Sabuwa ya taɓa gwadawa da kakarta. Ya kai ta, mai saye ya taya, ya buɗe baki zai ce albarka, sai mee ta fito. Ya sake, mee. Har yau yana nan, da hannu yake ciniki. Matarsa ta saba, in ya yi mee ɗaya ruwa yake so, in biyu tuwo.

Ya ce, "A'uzu billahi. Hajiya, camfi ne wannan, ke da tasbaha a hannu."

Na ce ai ni ma haka na ce wa mahaucin.

Ya sha ruwa. Ya gyara hula. Ya hau babur, ya tada, ya kashe, ya juyo. "Wai me take ci ne?"

Na ce dusar gero da harawar wake, da ɗan kanwa a ruwa, kuma ba ta son a daka mata tsawa. Na ga ya rubuta a littafinsa.

Na yi dariya har sai da na riƙe bango. Bayan la'asar kuma na yi istigfari ɗari. Babu wani mahauci. Rifkatu kuwa shekara arba'in tana coci, ita ce ma shugabar zumuntar mata. Allah Ya sa maganar ta tsaya a hular Kamilu.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Saura mako ɗaya. Baban Sumayya ya kai masara buhu huɗu kasuwa, ya dawo da uku, farashin da aka taya ya ce gara tsutsa ta ci. Daddawata kuwa ta nuna da kyau, warinta har zaure, mata na ta aike. Amma kuɗin daddawa ba ya fanso akuya mai ciki.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Maganar ba ta tsaya a hula ba.

Ina tsakar gida ina tsince wake sai na ji sallamar da ban yi tsammani ba. Rifkatu, da jakarta da lemarta, tun daga Damari. Ba ta gaishe ni ba. Ta wuce kai tsaye ta tsaya kan turke, ta dubi igiyar da babu, ta dube ni.

"Talatu, ashe ni ce mai akuyar iskoki?"

Kamilu ya gaya wa direbansu, direba ya gaya wa mai shayi, daga nan ta hau motar kasuwa. Kafin ta isa Damari ta yi 'ya'ya. Yanzu wai akuyar na magana da Hausa, mahautan da ta mayar bebaye sun kai bakwai, mai ita kuma wata tsohuwa ce Rifkatu. Matar fasto ce ta ja ta gefe ta tambaye ta cikin ladabi.

Na so in yi dariya, na ga fuskarta, na haɗiye.

Ta ce ba akuyar ce ta ƙona mata rai ba, ba kuma tatsuniyar ba, ta san bakina tun ba ni da haƙoran gaba. "Na kira ki, kika ce tana ci kamar ni. Shekara hamsin da biyar, Talatu. Ni ce za ki yi wa kunya?"

Ban sami abin cewa ba. Ni. A rubuta wannan, bai taɓa faruwa ba.

Na kawo fura, ta ƙi. Na kawo da nono mai yawa, ta karɓa. Tana sha ta ce, "Kwana tara kina ɓoye wa uwar lauya." Wallahi na manta sam. Alheri, ɗiyarta ta uku, wadda na goya tana zuba mini fitsari a baya, lauya ce yanzu a Funtuwa, a ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ni a kaina lauya na masu kisan kai ne da masu rigimar fili, me ya haɗa shi da akuya.

Ta kira ta a gabana. Gobe za ta zo.

Da ta gama furar ta ce, "Mee ɗaya ruwa, biyu tuwo?" Sai muka fashe, har muka ɓarar da waken.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Alheri ta zo da safe. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba ita ke sa alƙalai gyara zama ba. Na ce kin biya ni zanen da kika ɓata mini? Ta ce, "Inna, ki kai ni kotu."

Ta zaunar da Baban Sumayya ta ji komai. Ni na fara kare kamfani, ban san me ya hau kaina ba. Na ce ɗiyata, gaskiya ɗaya ce, ana bin sa, ya ci takin mutane. Ta ce, "Inna, bashi daban, akuya daban. Bashin nan sai Yaya ya biya, ko ni ce alƙali. Amma wanda ke bin bashi ba shi da ikon shiga gida ya ɗauki abin da idonsa ya so. In an ƙi biyansa, kotu zai je. Kotu ce za ta ce a ɗauki kaza, ma'aikacin kotu ne zai zo da takarda, kuma ko shi ba ya taɓa kayan wani."

Na ce 'yan sandan fa? Ta ce ba aikinsu ba ne karɓar bashi, ba a tsare mutum don ya kasa biyan kuɗin taki. Na ce kiran suruki da liman fa? Ta ce tozarta mutum da tsorata shi ba hanyar karɓar bashi ba ce, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye da ake kai wa irin wannan kuka. Na ce tun yaushe? Ta ce an daɗe. Na ce to mu ba a aiko mana ba.

Na tuna ƙyauren babana. 

Ta tambayi rana da lokaci da su wa suka zo. Na ɗauko littafin nan na karanta mata, na rufe sauran shafin da tafin hannu, don akwai abin da ba na lauya ba ne. Na ba ta takardar Kamilu. Ta karanta: akuya ɗaya, ja da fari, an karɓa, ga sa hannu. Ta yi murmushi ta ce ya rage mata aiki.

Sai ta ɗaga biro ta ce, "Inna, cikakken sunan wanda ake bi?" Tana sane, 'yar banza. Na ce ga shi nan zaune da gemu, bakinsa ciwo yake? Uwarta ta ce ai a kotu dole uwa ta faɗa da kanta. Na ce to a bar musu akuyar.

Mai unguwa ya yarda zai shaida kiwo ne. Rifkatu ta ce tsaga biyu a kunnen hagu, alamar gidansu ce tun uban mijinta na da rai. Alheri ta tafi da takardu, ta ce yau wasiƙa za ta isa Kankara.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Waya ta yi shiru. Yini guda ba kira ko ɗaya. Baban Sumayya sai duba ta yake ko ta lalace.

Rifkatu ta ce ba ta komawa sai da labarin akuya. Mun ɓare gyaɗa kwano shida, mun ci mutuncin duk wanda muka sani a Damari, rayayye da matacce, Allah Ya yafe mana.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Manajan kamfani ya ce mu zo gobe. Amma wani direba ya gaya wa Baban Sumayya jiya an ga motarsu ta fita da dabbobi, ba su jira ranar da suka sa ba. Ba wanda ya san ko da Kyalla.

Rifkatu ta shiga ɗaki da littafinta ta yi addu'arta, ni na yi tawa a kan buzu. Akuya ɗaya muke roƙo. Ban ci tuwo ba. Wannan karon ciki ya san ana yi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Mun tafi Kankara, ni da Rifkatu da Baban Sumayya da mai unguwa, Alheri ta same mu can. Hanya lafiya alhamdu lillahi, sai dai ramuka, duk ƙashin da na manta ina da shi ya gaishe ni.

Ofishin shago biyu ne da fili a baya. Kafin a ce mu zauna na zagaya. Turaka sun fi goma, duk babu kowa, sai kashin awaki.  Sai na ji mee daga wata rumfa a kusurwa. Ga ta nan, ita kaɗai, a inuwa, da kwanon dusa da bokitin ruwa da damin harawa. Ta yi ƙiba har wuya ya ninke. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Mai gadi ya ce ranar Asabar an kwashe sauran, amma ita ba wanda ya yarda ya kama igiyarta. Direba ya ce in aka sa ta a mota shi ya sauka. Kamilu ne ke sayo mata dusa da kuɗin aljihunsa.

Manaja ya karɓe mu da fara'a mai yawa, irin ta wanda ya karanta wasiƙa sau uku. Da farko ya ce Baban Sumayya ya sa hannu a takarda ran da ya karɓi taki. Alheri ta ce a nuna mata inda Rifkatu ta sa hannu, da inda kotu ta sa nata. Ya juya takardu, ya juya, ya ce kuskuren yara ne. Mai unguwa ya yi shaidarsa, aka duba kunnen hagu, tsaga biyu. Alheri ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ni da ni ce da an ji ni a tasha.

Aka rubuta: akuya ta koma yau. Sauran kuɗi Baban Sumayya zai biya kashi uku zuwa Fabrairu. Ba kiran suruki, ba kiran liman, ba maganar 'yan sanda. Manaja zai kira surukin da kansa ya janye abin da aka faɗa. Ɗana ya sa hannu, na ga kafaɗunsa sun sauko.

Alheri ta tambayi na su wane ne awakin da aka sayar. Manaja ya koma juya takardu. Ta ce za ta dawo, ta rubuta wani abu. Masu awakin nan ba su da ƙawa mai ɗiya lauya, ba su da tsohuwa mai ƙarya. Abin ya tsaya mini a rai duk hanya.

Muna fita Kamilu ya biyo ni. Ba hula yau, ashe sanƙo gare shi, yaro ƙarami. Ya ce shi ba albashi gare shi ba, abin da ya karɓo a ciki ake ba shi, ga 'ya'ya uku. Haka aka koya masa aikin, bai san akwai wata doka ba. Sai ya rage murya. "Hajiya, don Allah, maganar mahaucin nan..."

Rifkatu na tsaye ta kafe ni da ido. Na ce ƙarya ce, ɗana, ni na ƙera ta a zaure. Ta lauyar ce gaskiya, ita za ka ji tsoro. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to kuɗin dusarsa fa? Na ce ya kai ni kotu.

Na ba shi daddawa ƙulli biyu. Ya kula da Kyalla, ba a ƙi faɗa ba.

A mota muka yi ta gardama da Rifkatu, Kyalla na tsakaninmu tana cin gefen mayafina. Na ce tatsuniyata ce ta cece ta. Ta ce tatsuniya ta hana a sayar, amma da sai ta tsufa a rumfar nan, takarda ce ta kwance igiya. Na ce a raba lada biyu. Ta ce sai na je Damari na wanke ta gaban matar fasto tukuna.

Talata, 18 ga Nuwamba

Rifkatu ta haɗa jaka. Na je na kwance Kyalla, na ɗaura mata sabuwar igiya, na kawo na miƙa mata. Na riga na shirya zuciyata tun jiya. Wanda aka kwance amana a hannunsa ba ya cewa a bar masa.

Ta dubi igiyar ta ce, "Me zan yi da wannan?" Na ce ki tafi da abarki. Ta ce, "Akuya na gab da haihuwa zan ɗora a babur? Ke dai ba ki da tausayi. Mayar da ita turke. In wani ya sake zuwa da jar hula, ki kira ni kafin ki ɗebo ruwa."

Na juya na ɗaure ta na daɗe ina gyara ƙulli. Hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Tagwaye! Mace da namiji, bayan sallar asuba, ba wahala. Haihuwa ta uku, duk nawa ne bisa magana. Na kira Rifkatu na ce macen tata ce, kuɗin wanke suna. Ta ce ba ta karɓa sai an tabbatar ba ta magana da Hausa.

Litinin, 1 ga Disamba

Baban Sumayya ya kai kashi na farko, ya dawo da rasit, ya ci tuwo malmala uku. Surukinsa ya aiko da gaisuwa da rake.

Wani abu da ban taɓa rubutawa a nan ba. Akwai tukunyar ƙarfe babba a ƙarƙashin gadona, ta Baraka ce, matar mai gyaran keke da ke bayan gidanmu. Shekara biyu ke nan ta ci daddawata ta wata uku ba ta biya ba. Na je gidanta da yamma, na yi sallama, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na sha. Na tashi na ɗauki tukunyar a kan murhu, ko wankewa ba a yi ba, na ce in kuɗi ya zo tukunya ta koma. Matan gidan na kallo. Ta rako ni har ƙofa. Daga baya na ji ashe ma ta uwar mijinta ce, da ita suke dafa wake na sayarwa. Tun ranar in Baraka ta hango ni sai ta canza hanya.

Yau na jawo ta na goge na kai mata da kaina. Ba wani abu ba ne, tana tare mini wuri, kuma ɓeraye sun mai da ita gida. Na ce mata kuɗin daddawa na nan, ban yafe ba, ta riƙa kawo abin da ya samu duk Juma'a. Ta riƙe tukunyar da hannu biyu. Ta ce bari ta kawo ruwa. Na ce na ƙoshi.

Kai mai leƙe, in har ka kawo nan, ga amsarka. Ƙwace ne. Da sallama ko babu, akuya ko tukunya, sunansa ƙwace.